Taku Ukun da Na Hana Ruwa

Inna ta rasu da bazara, shekara guda kafin a yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Mun kai ta tsohuwar makabartar da ke gangaren Sabon Garin Jega, can ƙasa-ƙasa, gindin wata aduwa mai ɗan karkata. Da aka gama jera itace aka rufe da ƙasa, sai Kawu, yayanta, wanda ya zo daga Karaye, ya zaro wani abu daga aljihun rigarsa ya kafa wajen kanta. Ɓarin bakin randarta ne, wadda ta yi shekara da shekaru tana shan ruwa a ciki, mai zanen ƙayar kifi a wuya. A wurinmu ba a gina kabari, ba a rubuta masa suna. Aduwar nan da tsingaron nan su kaɗai ke nuna mini inda uwata take.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Aliero, kullum da safe ina tafiya a kan babur, in dawo bayan azahar. Hanyar da nake bi kafin in hau titi ta gefen makabartar take wucewa. In na zo saitin aduwar sai in sassauta gudu in yi mata sallama, ran Juma'a kuwa in kafe babur in shiga in tsuguna. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma har labarin gida nake ba ta: matata ta sauka lafiya, an sa wa yarinyar sunanki, gero ya yi tsada. Ni kaɗai ne ɗanta namiji. Ƙannena mata ba sa zuwa makabarta, ni suke tambaya ko kabarin yana nan lafiya, in ce yana nan.

Da aka ba mu jiha, sai kowa ya haukace da gini. Ma'aikatan da ke Sakkwato suka dawo gida da iyalinsu, baƙi suka cika ofisoshi da makarantu, ɗakin haya ya yi wuya. Gonakin gero da ke bayan Sabon Gari aka yanka su fuloti-fuloti. Inda bara ka ga ana huɗa, bana tifa ce ke juye yashi. Mahauta da direbobi da 'yan albasa duk suka shiga, kowa yana son gidan bulo da rufin kwano. Ni ma na sayar da gonar gadona da ke bakin fadama na sayi fuloti guda. Da rani na saya, ƙasa a bushe ƙamas, shimfiɗe kamar faifai, babu abin da zai sa ka tuna ana ruwan sama a duniya.

Wanda ya auna filayen wani Kirista ne daga kudu, mutum mai haƙuri, Hausarsa a karye amma ana ganewa. A gabas da fulotina ya bar wani siririn fili, faɗin taku uku, ya kafa masa turaku masu jan fenti hagu da dama. Ya ce wannan ba na kowa ba ne, hanyar ruwa ce, ta nan yake gangarowa daga tudu ya faɗa babban kududdufin da mutanen zamanin da suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini. Na ce to. A zuciyata kuwa tun ranar na fara lissafin abin da taku uku zai yi wa mutum.

Gareji nake so. Yanzu in na faɗa sai kunya ta kama ni, don ko tayar mota ban mallaka ba, babur ɗina ma sai an tura yake tashi. Amma a shekarun nan gidan da ba shi da gareji ba a kiran mai shi ma'aikaci. Kowa yana ginawa yana jiran motar da sabuwar jiha za ta kawo masa. Fulotina kuwa in na fitar da zaure da ɗakuna uku da makewayi, babu wurin gareji sai an ci taku ukun nan.

Kawu magini ne, na ƙasa. Rabin sorayen Karaye da ƙauyukan Maiyama hannunsa ne. Ban kira shi don ya yi mini gini ba, na riga na ɗauki birkila. Na kira shi ne don kada a ce na aza harsashi ban gaya wa babba ba, ya zo ya sa albarka ya ci tuwo ya koma. Ya iso da hantsi a motar kasuwa, da butarsa a hannu kamar kullum. Tun ina ƙarami ɗan boko yake kirana, da zolaya, ni kuma in ce masa sarkin laka.

Bai yi addu'ar da na kira shi dominta ba tukuna. Ya tuɓe takalmi ya shiga zagaya filin, yana tafe yana duban ƙasa. Ya haura tudu har ya kusa ɓace mini, ya dawo ta cikin turakun nan masu jan fenti. Ya tsuguna gindin wata sabara ya kira ni. A jikin rassanta akwai busasshen yayi da ƙirare da tsummokara sun liƙe, duk sun kwanta suna fuskantar gefe guda, tsayinsu ya kai gwiwa.

"Ɗan boko, kana ganin wanga? Ruwan bara sunka bas shi nan."

Sai ya karkata butarsa ya tsiyaye ta a bakin fulotina. Ruwan ya tsaya jim kaɗan, sannan ya miƙe siriri, ya bi tsakiyar turakun ya nufi kududdufi. Ya ce a cikin tsohon gari babu gidan da ba shi da rariya biyu a gindin katanga, ɗaya ruwan maƙwabcinka na sama ya shigo, ɗaya ya fita zuwa na ƙasa, haka gida-gida har kududdufi, kuma wanda ya toshe tasa sai ya tsaya gaban mai unguwa. Ya ce shi a sana'arsa ba ya aza tubali a sabon wuri sai ya ga damina guda ta wuce a kansa. In ba zan iya jira ba, to, in bar taku ukun nan yadda na same su.

Na yi dariya na ce ai gwamnati za ta ja lambatu na siminti a kowane layi, kowa ya san da maganar. Ya sa ƙafa ya tare siririn ruwan da ya zuba, ya tara masa 'yar ƙasa a gaba, ya ƙara tsiyaya sauran na butar. Ruwan ya taru, ya juya hagu.

"In kat toshe, ba komawa sama za su yi ba. Hagu za su bi." Ya ɗaga haɓa ya nuna gangare. Daga inda muke tsaye ana hango kan aduwar. "Ka san wadda ak kwance can."

Na ji shi sarai. Ba zan ce ban gane ba, ko ban ji da kyau ba. Abin da na gaya wa kaina shi ne, tsakanin fulotina da makabarta akwai tafiya, kuma katangar mutum ɗaya ba ta isa ta juya ruwan unguwa ba, kuma tsofaffi ba su da aiki sai tsoratarwa. Ya yi addu'arsa, ya ci abinci, na raka shi tasha. Bayan kwana uku birkila ya tumɓuke turakun masu jan fenti, ya ma yi amfani da su wajen ɗaure igiyar awonsa.

Mai awo ya zo da ya ji labari, ya tarar bulo ya kai ƙugu. Ya buɗe takardarsa a kan sirdin babur ɗina yana nuna mini layin da ya ja. Na sa aka kawo masa lemo, na yi ta ba shi baki, na ce in gwamnati ta zo da lambatu ni da kaina zan rushe. Ya dube ni, ya naɗe takardarsa, ya ce shi dai ya yi nasa. Baƙo ne, ba shi da kowa a garin, ya san in ya ja maganar shi za a ce ya cika fitina. Ko lemon bai shanye ba.

Sauran maƙwabta ma ba waliyyai ba ne. Mahaucin da ke sama da ni ya cika fulotinsa da burji tifa-tifa, ya ɗaga daɓensa bulo biyar daga ƙasa, ya shafe tsakar gidansa kaf da siminti, ko inda kaza za ta yi tono bai bari ba. Da na ga haka na ɗaga nawa bulo shida. Na ƙasa da ni ya yi bakwai. Haka aka yi ta yi, kowa yana ɗaga gidansa sama da na maƙwabcinsa, kowa indararonsa na kwano ya juyo da shi waje. Ƙasar da a da take shanye rabin ruwan tun tana gona, yanzu duk kwano ne da siminti. Ba wanda ya tambayi inda ruwan zai je, muddin ba ɗakinsa ba ne.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi bayan mun tare, da la'asar ya sauko. Na tsaya a bakin zaure ina kallo, raina fes. Ga ruwa ja wur ya gangaro daga tudu, ya haɗu da na rufin gidaje, ya zo ya daki katangar garejina, ya yi kumfa, ya juya hagu ya bi layi. Ko ɗigo bai shigo mini ba. Matata ta ce Allah Ya yi mana gyaɗar dogo da muka ɗaga gini. Na tuna butar Kawu, sai na shiga ciki na ce a kawo mini shayi.

A daminar farko ɗan kwari ruwan ya yi a hanyar da nake bi da babur, wanda ƙafa ɗaya ke tsallakewa. Kullum da safe ina ganinsa. Kafin kaka sai na sauka in tura babur ta gefe. Kwarin ya bi hanya ya nufi kusurwar makabarta ta ƙasa, ya tsaya kamar taku ashirin daga shingen ƙaya. Na ci gaba da yi wa Inna sallama, na ci gaba da ba ta labarin gida, wannan ne kaɗai ban ba ta ba. Da rani ya yi, kwarin ya cika da shara da ledoji, na daina ganinsa, hankalina ya kwanta. Lambatun gwamnati bai zo ba, motata ma ba ta zo ba.

Garejin bai zauna banza ba. Wani ɗan kasuwa daga Aliero, uban wani ɗalibina, ya roƙe ni in ba shi ya ajiye albasa. Su haka suke yi, su saya da rani tana araha, su adana a wuri busasshe mai iska har tsakiyar damina ta yi tsada. Ya kafa katako ya shimfiɗa karan dawa, ya zuba ta har kusan rabin bango. Gidana duka warin albasa yake, amma kuɗin haya yana shigowa, na ga ashe taku ukun nan sun fara biyan kansu.

Damina ta biyu ta zo da ƙarfi. Ruwa uku aka yi, kwarin ya tofar da sharar da ke cikinsa, ya zurfafa ya kai ƙugu, ya cinye shingen ƙaya. Tsohon da ke haƙar kabari ya kai kuka wurin liman, aka yi shelar aikin gayya. Na fi kowa zaƙewa. Na kawo buhunan siminti na wofi da suka rage daga ginina, na tuɓe riga na shiga sahun masu cika su da ƙasa, muka jera su a bakin kwarin. Liman ya sa mini albarka a gaban jama'a. Ba wanda ya ambaci garejina. Tsohon mai haƙa ne kawai, da muka zo wanke hannu, ya bi kwarin da ido har sama inda ya faro, ya dawo da idon kaina, ya ci gaba da wanke hannunsa.

Ban san wanda ya kai wa Kawu labari ba. Ranar wata Asabar na fito na gan shi tsaye a ƙofar gida, ƙafafunsa duk jar laka, alamar ta makabarta ya biyo. Na yi masa sannu da zuwa na ce ya shigo.

"Ba shiga za ni yi ba. Diga nika so ka ba ni. Rariya biyu za ni huda ga garejin ga, guda ta shiga, guda ta hita. Kahin azahar na ƙare."

Na ce albasar mutane ce a ciki, in danshi ya taɓa ta duk ruɓewa za ta yi, amana ce aka ba ni. Na ce ya bari a kwashe, saura 'yan makonni, da kaka ni da kaina zan kira birkila ya yi kwalbati mai kyau. Ya ce buhunan da muka jera ba za su kai kaka ba, ya duba ƙarƙashinsu, ruwa ya riga ya rarake. Ya ce a fitar da albasar yau a zuba a zaure da ɗakina, mu kwana tsakar gida in ta kama. Mutane sun fara tsayawa suna kallonmu, ga mahauci a kan dakalinsa. Ina da saurin fushi, kuma ba abin da ke tayar mini da shi kamar a gaya mini gaskiya a gaban jama'a. Na ce masa zamanin tubali ya wuce, wannan gini na siminti ne, ba soron Karaye ba ne da kowa zai zo da diga ya huda.

Ya dube ni. Ga mamakina babu fushi a fuskarsa.

"Ni ba don gininka niz zo ba," ya ce. Ya ɗauki butarsa ya nufi tasha, bai yarda na raka shi ba.

Na kwana biyu raina a jagule. Har na je Aliero na tuntuɓi mai albasa ko zai kwashe da wuri. Ya ce in ƙara masa mako biyu, farashi yana hawa. Na ce to. Da na matsa masa da ya kwashe, mutumin kirki ne. Ban matsa ba.

Kwana tara bayan zuwan Kawu, cikin marka, ruwa ya tsinke tun bayan sallar asuba. Ban je makaranta ba. Ba iska, ba tsawa, zuba kawai yake yi kamar ana juye tulu, har azahar ta wuce. Layinmu ya zama gulbi. Ina jin ƙarar ruwan yana dukan katangar gareji daga cikin ɗaki, na kasa zama, na kasa cin abinci. Sau biyu ina ɗaukar taɓarya in nufi garejin, in buɗe ƙofa in ga tulin albasa, in dawo. Da la'asar ya ɗauke, rana ta fito tas. Ina tsaye a zaure sai ga tsohon mai haƙa, jiƙe sharkaf, ba ko hula.

"Malam, ka taho. Ruwa sun shiga kusheyi."

Da gudu na tafi, ba takalmi. Tun daga nesa na duba inda kan aduwar yake, ban gan shi ba. Buhunanmu babu ko ɗaya. Kwarin ya zama kwazazzabo, zurfinsa ya fi tsayin mutum, ya yanke kusurwar makabartar gaba ɗaya ya tafi da ita. Aduwar tana kwance a ciki, saiwoyinta a sama. A jikin gaɓar da ta rage ana ganin bakin kaburbura a buɗe, itacen rufi sun zubo, wani wurin farin ƙyalle ya leƙo ya rine da jar ƙasa. Sahun da Inna take ciki, da na gabansa, babu su. Inda nake tsugunawa ran Juma'a iska ce kawai, ƙasan kuma ruwa yana wucewa a hankali.

Maza suka taru, aka hana mata da yara matsowa. Muka bi kwazazzabon har fadama, cikin shinkafar mutane, muna tsintar abin da ruwa ya bari. Ba zan bayyana abin da muka tsinta ba. Wani ya kawo tabarmi, wani ya je kasuwa ya yanko farin yadi. Ba mai magana sai salati ƙasa-ƙasa. Duk abin da na ɗaga daga cikin laka sai in ce ko ita ce, in ajiye a tabarma da hannu biyu, in koma. Ina yi ina duba tsingaron nan mai zanen ƙayar kifi, kamar in na same shi an gama. Har magariba ta kore mu ban gan shi ba.

Washegari aka ƙarasa. Liman ya ce tunda ba a san wane ne wane ba, a haƙa rami ɗaya babba a can tudu a rufe su tare. Aka yi haka. Wasu kuwa ba a same su ba sam, ruwa ya kai su gulbi ko ya binne su a yashi. Mahauci maƙwabcina yana kusa da ni wajen turbuɗa ƙasa, mahaifinsa ma a sahun nan yake. Idonsa ya yi ja. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Mu duka munka yi shi, Malam." Na so in karɓi maganar nan, wallahi na so, don da ta rage mini nauyi. Gaskiya ne kowa ya ɗaga gininsa, kowa ya turo ruwansa waje. Amma a cikinmu duka ni kaɗai aka tsiyaya wa buta a gabana aka nuna mini inda zai bi.

Daga makabarta gida na wuce, na ari diga a wurin masu gini. Na sa aka kwashe albasar aka zuba a zaure da ɗakin kwanana, yadda Kawu ya ce tun farko, ta kuwa shiga tsaf. Na huda katangar ta sama, na huda ta ƙasa. Bulo huɗu na cire a kowane gefe. Tun daga ɗaukar diga har ajiye ta, tukunyar da matata ta ɗora ba ta nuna ba. Na zauna a ƙasa cikin ɓaraguzai na yi kukan da ban yi ba ranar da Inna ta rasu. Ruwan da aka yi bayan kwana biyu ya shiga ta rariyar sama, ya ratsa garejin, ya fita ta ƙasa ya tafi kududdufi abinsa. Wanda ya bi hagu bai fi a tsallake ba.

Ƙannena suka zo daga gidajen mazajensu suna tambaya. Na ce ruwa ya taɓa makabarta, an gyara. Ƙaramar ta ce, na Inna fa? Na kasa ɗaga kai. Ba su sake tambayata ba har yau, kuma na fi son da sun zage ni.

Kawu bai zo ranar rufewa ba, hanyar Karaye ta yanke. Sai a rana ta huɗu aka ce mini an gan shi a fadama tun da safe, shi kaɗai, yana bin gefen kwazazzabo da sanda yana tona yashi. Ban iya zuwa na same shi ba. Da yamma ya yi sallama a ƙofar gida. Ya rame, rigarsa ta yi kaca-kaca da laka har ƙirji. Ya dubi ramukan da na huda, ya sunkuya ya leƙa ta ɗaya ya hango ɗayan, ya gyaɗa kai kamar yadda yake yi in almajirin gini ya yi aiki daidai. Na durƙusa zan fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya sa hannu a aljihu ya fito da tsingaron. Ya wanke shi, zanen ƙayar kifin ya fito raɗau, gefe guda ya ɓalle.

"Ungo, Malam. Ni ban san inda za ni kahwa shi ba."

Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. Daga nan har ya bar duniya, shekara shida, muna gaisawa, ina kai masa goro da sallah, yana karɓa yana sa albarka, amma bai sake ce mini ɗan boko ba.

Garejin yana nan, da ramukansa biyu, ba a taɓa ajiye mota a ciki ba. Daga baya an ja lambatu a wasu layuka, an cike kwazazzabon da burji, har wani ya yi shagon faci a kusa da wurin. Tsingaron yana cikin akwatina, ƙarƙashin takardun makaranta. Na sha ɗaukarsa ran Juma'a in tafi da niyyar kafa shi a kan babban ramin nan na tudu, sai in tuna ban sani ba ko Inna tana cikin waɗanda muka tsinta. In na shiga makabartar yanzu nakan tsaya a tsakiya, in yi sallama ga kowa da kowa, in ɗan jira. Sannan in mayar da shi aljihu in koma gida.